Ciwon ciki ya taso farat ɗaya, wane hoto za a yi?

Jama'a in ciki ya turnuƙe mutum farat ɗaya, ya ƙame kamar katako, ga amai ga zufa, don Allah kar a fara da kemis ko shagon sikanin na unguwa. A wuce imajensi kawai, sai likita ya taɓa cikin zai san hoton da ya dace. Kuma kar a ba shi komai ta baki, wai ko kunu ya ɗan kurɓa ya samu ƙarfi, a'a, ana iya shiga tiyata da shi.

Yawanci da sikanin ake farawa, wanda ake shafa jel ɗin nan, ba shi da radiyeshin, wato hasken nan na hoton ƙashi mai iya yin illa, shi ya sa ake wa yara da masu juna biyu. Yana nuna tsakuwar matsarmama da kumburin ƙoda da jini in ya taru a ciki. Mace in ta yi ɓatan wata ta faɗa tun kafin a tambaya, nan ba wurin kunya ba ne, cikin da ya zauna a wajen mahaifa in ya fashe ta ciki jinin ke zuba ba a gani. Sai dai iskar hanji na kare wa sikanin gani, don an ce sikanin bai nuna komai ba ba shi ke nan afendis lafiya lau ba.

Wanda ya yi sati biyu yana zazzaɓi sannan ciki ya rikice, za ka ji an ce a yi hoton ƙirji a tsaye, nan take 'yan uwa su hau ƙorafi wai ciki ke ciwo me ya kawo ƙirji, kuɗi kawai ake son ci. Iska ake nema. In taifot ko olsa ta huda hanji iskar sama take tashi ta taru ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, to a bar shi a zaune minti 5 zuwa 10 kafin a ɗauka, in ba zai iya ba a kwantar da shi ta gefen hagu.

Siti sikan, wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura mai kama da zobe, ya fi su gani nesa ba kusa ba, amma akwai tsada, kuma galibi sai manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano ko Shika. Sau da yawa ana ɗura wani ruwa ta jijiya saboda hoton ya fito sosai, don haka a faɗa in akwai ciwon ƙoda, ko ana shan metformin na suga, ko ruwan ya taɓa yi masa illa. In mara lafiya ya galabaita sosai likita ya ce tiyata yanzu ba sai an jira hoto ba, a sa hannu a takardar.