Ga sababbin zuwa Terengganu masu son zuwa kamun sotong da dare

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da kuka sauka wannan zangon karatun a Gong Badak da kewaye, nan jihar Terengganu ta ƙasar Malesiya. Iskar monsun, wato iskar damina mai ƙarfi ta nan, ta kwanta, teku ta lafa, kuma na san ba za a jima ba wani zai turo hoto a WhatsApp ya ce a haɗa kuɗi a ɗauki jirgi a tafi candat sotong, wato kamun sotong, wata halittar teku mai hannaye da yawa da ake kira squid da Turanci. Waɗancan korayen fitilun da kuke hangowa can cikin ruwa in kun je shan iska bakin teku a Teluk Ketapang ko Batu Buruk da dare, toh su ne jiragen. Lokacin yana farawa wajen Maris ko Afrilu ya kai wajen Agusta, daga Nuwamba kuwa ruwa ya haukace babu mai fita don nishaɗi. Ku je, ban hana ba, mutanenmu sun saba zuwa kuma masu jirage suna yabonmu da cewa ba mu da rigima, amma dan Allah ku karanta wannan tukuna don kowace shekara abu ɗaya ake maimaitawa.

Maganar halacci ba ta da tsawo, mu Malikawa duk abin da ke rayuwa a teku muna ci, Shafi'awan nan ma haka, shikenan. Kayan aiki ma ba wani abu bane, zare ne a naɗe da candat ɗin, wato wani ɗan ƙarfe ko roba mai ƙayoyi a zagaye a gindinsa, yawanci mai jirgi ne yake bayarwa.

Fitila ita ce aikin gaba ɗaya. Hasken da jirgi ya kunna yana tara ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sosai, su kuma su jawo ƙananan kifi, sai sotong ya biyo kifin don ya ci. Amma shi ba ya zama a tsakiyar haske, maharbi ne, yana laɓewa a inuwar da ke ƙarƙashin jirgi ko a bakin inda haske ya fara dishewa sai ya fito ya cafke ya koma. Sabon zuwa kuwa da an kunna fitila sai ka ga yana ture mutane don ya samu wajen da ya fi ko'ina haske, ya zauna yana kallon kifi suna yawo a sama yana murna, har asuba bai kama komai ba. Ka kalli inda yaran jirgin suke jefa nasu zaren ka zauna kusa da su. Kore ake yawan sawa cikin ruwa saboda ya fi ratsa irin ruwan bakin gaɓa, ja kuwa shi ne yake fara ɓacewa tun ba a yi nisa ba. Kuma haske yana son lokaci, in tekong, wato direban jirgin, ya jefa anka ya kunna fitilu ana iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye ba a ji komai ba, ba wai ya cuce ku bane, kar wani ya fara cewa a canza waje bayan minti goma, duk abin da hasken ya tara in an tashi ya watse sai an sake daga farko.

Tocilar goshi ka zo da ita amma don ɗaure zare da neman takalminka kawai. Kar ka riƙa haska ruwa da ita kana kunnawa kana kashewa, hasken da ke motsi korar su yake yi, kuma kar ka juyo ka dalle idon na kusa da kai, mutum sai ya ɗau mintuna kafin idonsa ya sake sabawa da duhu. In an ba ka candat mai ƙyalli a duhu sai ka haska shi da tocila na ɗan lokaci a cikin jirgi kafin ka jefa, in ya dishe ka sake.

Sai wata, kuma nan ne mu ya kamata mu fi kowa ganewa tunda da lissafin wata muka tashi. Daren 13, 14, 15 farin wata ya cika ko'ina, fitilar jirgi ba ta da wani kwarjini, sotong sai ya bazu maimakon ya taru a ƙarƙashinku. Ku nemi ƙarshen wata ko farkonsa. In wani ya ce ya samo muku jirgi da araha sosai ku duba kalanda kafin ku yi murna. Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, don haka daren Alhamis da na Juma'a su ake rububi, a yi magana da wuri.

Kamun kansa sauƙi ne, ka saki zare ya taɓa ƙasa, ka ɗago kaɗan, ka riƙa fizga kana saki. In ka ji nauyi ka ja a hankali ba tsayawa, ƙayoyin ba su da maƙari kamar ƙugiyar kifi, da zare ya saki ya tafi. Ka sa tsofaffin kaya don zai fesa maka tawada, ba wajen farar shadda bane.

Yanzu maganar da ta sa na zauna rubutun nan, takardu. Wallahi na gaji da jin "ai cikin ruwa za mu je wa zai tambaye mu". Jami'an Maritim, wato masu tsaron teku na ƙasar nan, suna sintiri a lokacin candat, suna tsayar da jirage su duba lasisi da yawan mutane da rigunan ceto, kuma in sun ga baƙi dole su tambayi shaida, aikinsu ne. Akwai daren da jirginsu ya matso kusa da namu suka dalle mu da fitila, kowa ya miƙa nasa, sai wani ƙaninmu da bai fi wata biyu da zuwa ba ya ce fasfonsa yana wajen sabunta biza, iKad, wato katin shaidar baƙi, bai fito ba, hoton fasfon yana cikin waya, wayar kuma caji ya ƙare tun magariba saboda ɗaukar bidiyo. Haka muka zauna jirgi yana lilo ana kiraye-kiraye, tekong ransa a ɓace, dattawan Malay da suka biya kuɗinsu kamar mu suna kallonmu, kunya kamar ƙasa ta tsage. An rabu lafiya amma daren ya lalace wa kowa. Saboda haka in fasfonka yana hannunka ka sa shi a leda mai zif ka tafi da shi, in yana wajen sabuntawa ka karɓi takarda daga ofishin ɗaliban waje na makarantarka da kwafin fasfo da na biza a kan takarda, ba a waya ba, in kuma bizarka ta kusa ƙarewa ba ka miƙa ba toh ka zauna a gida ka gyara wannan, sotong yana nan baɗi.

Jirgin ma yana da nasa takardun. Ka tambaya ko yana da izinin ɗaukar fasinja, mutum nawa aka yarda ya ɗauka, rigar ceto ta isa kowa ko a'a. Ku je jeti, wato tashar jiragen ruwa, da kanku, Marang ba nisa, ku ga jirgin da fitilunsa da janaretansa da ido kafin ku tura kafin alƙalami, don an taɓa samun wani dillali da ya karɓi kuɗin mutanenmu ta waya ranar tafiya lambarsa a kashe. Kuma ruwan da ke kewaye da tsibirai irin Redang da Perhentian wajen kariya ne, dokar kamun kifi ta 1985 ta hana kamu a cikin mil biyu na ruwa daga gaɓarsu, tekong na kirki ya san iyakar, wanda ya ce maka babu komai da dare ne ka rabu da shi. Masu lissafin kasuwanci kuma, ku da kun ga bokiti ya cika kun fara tunanin sayarwa, bizar ɗalibi ba ta ba ka wannan damar ba, ka ci ka raba wa maƙwabta.

Jiri kuma ba ya jin kunyar kowa, ko kai ɗan bakin kogin Yauri ne teku daban take, ga warin dizal ga ƙarar janareta duk dare kuma jirgi ba zai juyo saboda kai ba. Ka sayi maganin jirin tafiya a kemis ka sha kamar awa ɗaya kafin a tashi, kar ka cika ciki da maiƙo. Ana tashi da yamma bayan la'asar a dawo da safe, magariba da isha da asuba duk a jirgi za a yi su, ka tafi da alwala da ruwa a gora. In kun dawo ku gyara sotong ɗin ranar, ku ƙulle kayan cikin a leda ku kai bola ta waje, kar a tura su a sinki, gidan haya ne kuma mai gida zai cire kuɗin gyaran bututu daga diposit ɗinku.