Yadda za ka ci gaba da taka leda bayan shekara hamsin

Yaran filinmu suna kirana Baba Milla don tsokana, ni kuwa na karɓi sunan hannu bibbiyu. Wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya ya san Roger Milla na Kamaru yana da shekara 38 ya ci ƙwallo huɗu, kuma duka daga benci ya shigo ya ci su. Darasin farko ke nan: kada ka nace sai an fara da kai. Bari samari su gajiyar da juna, ka shigo bayan hutun rabin lokaci.

Kafin ka taɓa ƙwallo ka ɗumama jiki na minti goma sha biyar, musamman da sanyin hunturu. Sassarfa a hankali, sannan ka miƙe cinya da sha-raɓa. Na taɓa tsallake wannan wata safiyar Lahadi, jijiyar bayan cinyata ta tsinke, na yi wata biyu ina sallah a zaune. In kana da hawan jini, ka ga likita tukuna.

Sai wurin tsayawa. Ka bar gefe, can gudu ake yi. Koma tsakiya, gaban 'yan baya, inda ido ya fi ƙafa amfani. Kafin ƙwallo ta iso ka waiga hagu da dama, ka san wanda za ka ba. Taɓawa ɗaya, ko biyu, ka sake ta. Ka tuna yadda Milla ya ƙwace ƙwallo a ƙafar Higuita, golan Kolombiya da ya fito nesa da ragarsa? Ba gudu ya fi shi ba, ya karanci mutumin ne. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma a fili wannan maganar gaskiya ce tsagwaronta.

Kada ka zube ƙasa don tare yaro ɗan shekara ashirin. Tsaya a gabansa, ka kora shi gefe.

Idan suka ce, "Baba, yau ma gwiwar ce?" ka yi dariya tare da su, ka ce a turo maka ƙwallon. In an tashi ka sha ruwa, ka sa ƙanƙara a gwiwar, kada ka sake buga wani wasan sai bayan kwana uku.