Babi na Tara: Manoman da Kakarsu Ke Zuwa a Tsakiyar Hunturu

A kudancin Faransa, a bakin tekun Bahar Rum, akwai wani gari mai suna Cannes. Idan mutum ya bar garin ya nufi yamma, kafin ya yi awa guda a mota zai hau wasu tuddai da ake kira Tanneron. A kan tuddan akwai ƙauye mai wannan suna, kuma a cikinsa akwai gidajen da suka gaji noman fure iyaye da kakanni. Gonakinsu ƙanana ne, a kan gangara suke, mai gida da iyalinsa ne ke yin yawancin aikin. Furen da suke nomawa ana kiran sa mimosa.

A yawancin ƙasashen Turai, manomi yakan sami sauƙin aiki daga Disamba zuwa Fabrairu, domin ƙasa ta yi sanyi, itatuwa sun kaɗe ganye. Su kuwa mutanen Tanneron a waɗannan watannin ne ba sa samun sukuni. Abin da gida zai ci a shekara, mafi yawansa cikin wata ukun nan ake samo shi.

Itacen da asalinsa

Mimosa itace ne ɗan dangin bagaruwa. Furensa ƙananan dunƙule ne masu laushi, ruwan ɗorawa, masu ƙamshi, suna fitowa cunkus a kan reshe har su rufe ganye. Asalinsa daga Ostireliya yake. An kawo shi wannan gaɓar teku a ƙarni na 19, lokacin da attajiran Ingila suka maida Cannes wurin gudun sanyi, suka gina gidaje suka dasa itatuwan ƙasashen waje a lambunansu. Daga lambu ya bazu zuwa daji, domin ƙasar Tanneron ta karɓe shi. Ba ya son ƙasa mai farar ƙasa a cikinta, tuddan nan kuwa ba irin wannan ƙasar gare su ba.

A can gidansu ma a ƙarshen sanyi yake yin fure, sai dai sanyin Ostireliya daga Yuni zuwa Agusta yake zuwa. Da ya zo Faransa bai sake hali ba, watannin ne kawai suka sauya. Duk wanda ya san gawo zai gane wannan da sauri: lokacin da sauran itatuwa suka tsaya tsirara, shi a lokacin yake yin ado, darajarsa kuma daga nan ta fito. A watan Janairu ba a samun furanni da yawa a gonakin Turai, saboda haka mai mimosa yana shiga kasuwa ba cunkoso.

Abin da ya mai da shi sana'a shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Cannes a 1863. Daga nan aka fara cusa rassan fure a kwanduna ana tura su Paris da biranen arewa masu duhun hunturu.

Ranar aiki a watan Janairu

Sanyin bakin tekun nan ba ya kai na arewacin Turai. Da rana ma'aunin zafi yakan nuna digiri 12 ko 13, da dare ya sauka zuwa 4 ko 5. Ku kwatanta da Kano, inda daren hunturu yakan kai wajen digiri 13. Wato sanyin da ke sa mu hura wuta da asuba, shi ne tsakar ranarsu.

Da gari ya waye ake fita. Masu yanka suna hawa gangara da almakashin yankan reshe, su zaɓi rassa, su ɗaura su dami-dami, su sauko da su zuwa inda mota za ta iya tsayawa. A wurare da dama injin ba ya iya hawa, sai dai kafaɗa. Aiki ne mai cin ƙarfi, da hannu a sandare, wani lokaci cikin yayyafi.

A nan akwai abin da ya kamata ku lura da shi sosai, domin shi ne zuciyar sana'ar. Ba a jira furen ya buɗe a kan itace. Ana yanke reshen tun furen yana ƙulle, ya fara sauya launi amma bai fashe ba. Idan aka bar shi ya buɗe a gona, iska da ruwa za su ɓata shi, kuma kafin ya isa hannun mai saye ya riga ya tsufa. Idan kuma aka yi gaggawa aka yanke shi ɗanye shar, ba zai buɗe da kyau ba. Tsakanin waɗannan biyun kwanaki kaɗan ne, kuma ido ne ke gane su. Yaro yakan koyi wannan a gefen mahaifinsa, shekara bayan shekara.

Idan damin ya iso gida sai a shiga rumfar aiki. A nan ake tsince rassa, a daidaita tsawonsu, a auna su a sikeli, a ƙulla su ƙulli-ƙulli. Daga nan a tsoma gindinsu a bokitin ruwa da aka zuba wa garin da ke ciyar da fure, a shigar da su wani ɗaki na musamman. Ɗakin a rufe yake, ana ɗumama shi zuwa digiri 22 ko 25, ana kuma cika iskarsa da danshi. Cikin kwana biyu ko uku furen yakan buɗe gaba ɗaya, kowane dunƙule ya kumbura ya yi laushi. Sai a fitar da shi, a sa a kwali, a ɗora a mota.

Amfanin wannan ɗaki shi ne ya ba manomi iko da ranar kasuwarsa. Idan mai saye ya ce yana son kaya ranar Juma'a, manomin ya san ranar da zai yanka da ranar da zai rufe ɗaki. Amma dole ya iya karanta ma'auni. Idan zafi ya yi yawa ko danshi ya ragu, furen zai ƙanƙance ya bushe, wahalar kwana uku ta tafi a banza. Ni a ganina, a wannan ɗan ƙaramin ɗakin ne ƙarfin hannu da sanin lamba suke haɗuwa, kuma babu wanda zai wadatar ba tare da ɗan'uwansa ba.

Ba iri ɗaya suke dasawa ba. Akwai mai suna Mirandole da ke fara fure tun Disamba, akwai Gaulois da ke biyo baya daga ƙarshen Janairu. Da haka kakar take tsawaita, aikin bai taru a mako ɗaya ba. Irin na sayarwa kuwa aure ake yi masa, kamar yadda masu lambu ke aurar da mangwaro.

Kaya suna tafiya shagunan fure na Faransa da kasuwannin arewacin Turai. Wani kason ana kai shi Grasse, garin masu haɗa turare da ke kusa, inda ake tatsar ƙamshinsa. A maƙwabciyarsu Italiya kuma, tun 1946 mimosa ce ake ba mata kyauta ranar 8 ga Maris, Ranar Mata ta Duniya.

Daren da ake tsoro

Hunturun da ke ciyar da su shi ne kuma ke iya karya su. Mimosa tana jure sanyi kaɗan, amma idan ma'auni ya sauka sosai ƙasa da sifili ya daɗe a can, ruwan da ke jikin itacen yakan daskare, fure ya ƙone, reshe ya mutu. Hakan ya faru a 1929. Ya sake faruwa a Fabrairun 1956, shekarar da har itatuwan zaitun na kudancin Faransa suka mutu da yawa. A Janairun 1985 ma dusar ƙanƙara ta rufe birnin Nice da ke kusa da Cannes, ma'auni ya kai digiri 7 ƙasa da sifili. Asarar irin wannan dare ba ta shekara ɗaya ba ce, domin sai an sake dasawa an jira shekaru kafin a koma yanka.

Da rani kuma gobarar daji ce abin tsoro. Mimosar da ta tsere ta zama ta daji tana tohowa daga saiwa, ta cunkushe wuri ta hana sauran tsirrai, kuma wuta tana cin ta da sauri. A Oktoban 1970 gobara ta ci tuddan Tanneron har aka rasa rayuka. Saboda irin waɗannan masifu, manoma da yawa suka haɗa da noman itacen turare, suna sayar da ganyensa ga masu shirya furen ado, don kada gida ya dogara ga abu guda.

Bikin fure

Shekara biyu bayan sanyin 1929, da gonaki suka farfaɗo, mutanen Mandelieu, garin da ke gindin tuddan, suka yi bikin mimosa na farko a 1931. Har yau ana yin sa a watan Fabrairu. Sauran garuruwan ma kowanne yana da nasa. Tanneron da Pégomas suna yin nasu ƙanana, na mutanen gida, da kasuwar rana ɗaya da masu sarewa da ganga na gargajiya. Akwai ma hanyar mota mai tsawon kilomita 130 da ake kira Hanyar Mimosa, wadda ta haɗa garuruwa takwas, daga Bormes zuwa Grasse. Shi garin Bormes, a 1968 ya ƙara sunan furen a jikin sunansa.

Babban abin kallo shi ne jerin gwanon motocin ado. Ana ƙera siffofi da ƙarfe da waya a kan tirela, makonni kafin biki. Amma furen ba ya jira, ba za a sa shi da wuri ba. Saboda haka sai gab da ranar ake taruwa a yi gayya. Manoma su kawo rassa, ƙungiyoyin unguwa su fito, tsofaffi da matasa su zauna suna yanka suna sokawa ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba. Washegari motocin su bi titi da makaɗa, waɗanda ke kai suna jefa wa jama'a rassan fure, kowa ya koma gida da nasa.

Wani zai ce, yaya mutum zai ɗauki kayan sayarwa a tsakiyar kaka ya watsa wa 'yan kallo? Tambaya ce mai kyau, ku tattauna ta a aji. Ga abin da nake gani. Fabrairu wata ne da baƙi ba su cika zuwa bakin teku ba, bikin ne ke kawo su. Baƙon da ya zo kallo yakan hau tudu, ya shiga rumfar aiki, ya ga ɗakin ɗumi da idonsa, ya sayi ƙulli daga hannun wanda ya noma shi ba dillali a tsakani. Mai masauki da mai gidan abinci da mai sayar da zuma duk sun samu. Sannan gidajen nan a warwatse suke a kan tuddai, kowa ya duƙufa a rumfarsa tun Disamba. Daren gayyar nan ne maƙwabci yake zama kusa da maƙwabci, a ji wanda ya yi asara, a ji farashin da aka samu, a ji gonar da ba ta da magaji. Wannan ma aikin gona ne, ko da yake ba a kan gangara ake yin sa ba.

A cikin Maris, da fure ya ƙare, sai a yi wa itatuwan aski nan take, domin a kan sabon reshen da zai toho ne furen baɗi zai fito. Sauran shekara kuma sharar ciyawa ce, da kula da dashe, da tsaron wuta.

Aikin aji

Malami ya zana ma'aunin zafi a allo, a tsaye, da sifili a tsakiya. Lambobin sama na ɗumi ne, na ƙasa ana sa musu ɗan layi a gaba, kamar haka: -7. A sifili ruwa yake daskarewa. Kowane ɗalibi ya fito ya nuna inda 25 take, da 13, da 5, da -7. Daga 5 zuwa -7, digiri nawa aka sauka?

Lissafi: a ce manomi ya yanko kilo 30 na rassa, yana ƙulla kowane ƙulli da giram 200. Ku tuna kilo ɗaya giram 1,000 ne. Ƙulli nawa zai samu? Idan kwali ɗaya yana cin ƙulli 25, kwali nawa zai cika?

A ce mai saye yana son kaya su bar gona ranar Juma'a da safe, furen kuma yana bukatar kwana uku a ɗakin ɗumi. Wace rana za a shigar da shi?

Amsa da baki: me ya sa ake yanke reshe kafin furen ya buɗe? Me ya sa ba a yi wa motocin biki ado tun da mako guda?

Rubutu: ku rubuta sunayen watanni goma sha biyu a jere a littafinku. A gaban kowane wata ku sa aikin da kuke yi a gona ko a sana'arku. Ku ja layi a ƙarƙashin watannin da kuɗi ya fi shigo muku, ku kuma sa alama a watan da ake yin babban taron garinku. Ku zo da shi darasi na gaba, kowa zai karanta nasa.