Kafin ka ja karaban ɗinka ka tsallaka Faransa, zauna ka karanta takardar inshora

Mu da ke zaune a Ingila da iyali mai yawa, karaban, wato ɗan gidan nan mai taya da ake ɗaura wa a bayan mota, ya fi mana sauƙi a kan otal, don ga wurin kwana ga kicin, uwargida ta yi tuwonta babu mai damun ta da zancen wace irin nama aka sa. Amma inshorarsa ce ke ba mutane ciwon kai, ni ma ta taɓa ba ni.

Abun da ya faru da ni shi ne na sabunta inshora ta waya ina cikin sauri, na ce musu a ci gaba kamar bara, ashe sun rage kwanakin da suke rufe ni a wajen ƙasa kuma sun ƙara sharaɗin sai da makullin taya, ni kuwa makullin bakin ƙugiya, wato inda ake ɗaura shi a jikin mota, kaɗai nake da shi. Saura kwana huɗu mu tafi na lura. Da ɓarawo ya ɗauke shi a can da ko kobo ba za su ba ni ba.

Toh, abu na farko, ka san cewa inshora biyu ce a nan. Ta mota ita ce dole, kuma ita ce ke biyan wanda ka yi wa ɓarna idan karaban yana ɗaure a bayanka. Shi kansa karaban ɗin idan ya kife ko ya ƙone ko aka sace, babu ruwanta. Wannan sai inshorarsa ta daban, wadda doka ba ta tilasta ba amma wauta ce mutum ya tafi ba ita. Kuma ita ma ta motar ka tambaya, don wasu da zarar ka sauka Calais a gaɓar Faransa sai su mayar da kai mafi ƙarancin mataki, ko da cikakkiya kake biya a gida.

Idan takardar sabuntawa ta zo, kar ka tsaya kan farashi. Tun 2017 doka ta sa dole su nuna maka abin da ka biya bara kusa da na bana, shi ya sa ido ke tafiya can ya manta da sauran. Ɗauko takardar bara ka shimfiɗa ta gefen ta bana, ka nemi shafin da suke jera canje-canje, galibi ƙaramin rubutu ne a can ƙarshe. Duba kwana nawa suka ba ka a Turai, wasu 90 wasu 180 wasu fiye, sannan ka duba ko a shekara ne gaba ɗaya ko kuwa akwai iyaka a kowace tafiya ɗaya, don mutum zai ga 180 ya ji daɗi alhali ba a yarda ya wuce wata ɗaya ko biyu a jere ba. Duba kuma kuɗin da kai za ka fara cirewa daga aljihunka kafin su biya sauran, wani lokaci yakan ƙaru idan abun ya faru a waje.

Zancen makulli shi ne inda suka fi kama mutane. Yawancinsu suna cewa duk lokacin da ka kwance karaban ka bar shi ba kowa, sai da makullin ƙugiya da na taya, wasu har da na'urar bin sawu mai aiki wadda ka biya kuɗinta. Har tsayawa shan shayi a tashar kan hanya ka tambaye su yadda suke lissafa shi, don a irin wuraren ne ake yawan ɗauke kaya. Ni yanzu duk inda muka sauka sai na ɗauki hoton makullan a rufe, yara suna min dariya, ba komai.

Sai ƙasashe. Kalmar Turai a takardarsu tana da jerin sunaye a ƙarƙashinta, ka nemo jerin. Da yawa cikinmu burinmu mu gangara Sifen mu hau jirgin ruwa daga Algeciras mu shiga Maroko, wasu kuma Turkiyya, kuma waɗannan biyun sau da yawa ba sa ciki. Koren katin inshora, wato takardar shaidar cewa inshorar motarka tana aiki a wata ƙasa, an daina neman sa a hannun direbobin Birtaniya a ƙasashen Tarayyar Turai tun Agustan 2021, amma a Turkiyya da Maroko har yanzu ana iya tambayar ka, kuma karaban na iya buƙatar nasa daban da na mota. Ka nema da wuri, sati shida ba su yi yawa ba. Tambarin GB da ake liƙawa a bayan mota ma ya mutu tun Satumbar 2021, UK ake liƙawa, a Sifen kuwa sai ka liƙa ko da lambar motarka tana da shi.

Kar ka haɗa kwanakin inshora da na biza. Mai fasfon Birtaniya kwana 90 yake da shi cikin kowane 180 a yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya, mai fasfon Najeriya ko Nijar kuma abin da aka buga masa a biza.

Wani abun da ba a tunawa sai an shiga uku: idan motar ta lalace a tsakiyar Faransa, wa zai dawo da karaban? Wannan aikin inshorar janye mota ce, kuma tana da iyakar tsawo da nauyin abin da za su ja, ka auna naka ka faɗa musu. Ka tafi da takardar CRiS, wato rajistar karaban ta Birtaniya, mai lambar karaban ɗin, da rasit na kayan da ke ciki. Idan sata ce, ka je wurin 'yan sandan ƙasar ka karɓo rahoto a rubuce kafin ka bar garin, idan haɗari ne ku cike fom ɗin nan na bai ɗaya da direbobin Turai ke ajiyewa a mota, amma kar ka sa hannu kan abin da ba ka gane ba.

Duk abin da suka faɗa maka a waya, ka ce su turo ta imel. Idan sabbin sharuɗan ba su yi maka ba, kana da kwana 14 ka soke bayan ka karɓi takardun, sai dai su ɗan cire na kwanakin da suka wuce. Idan kuma sun ƙi biyan ka, ka rubuta musu ƙorafi, suna da sati takwas su ba ka amsar ƙarshe, daga nan kana da wata shida ka kai su Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin mutane da irin waɗannan kamfanoni, kyauta ne, kuma imel ɗin nan da hotunan makulli su za ka haɗa ka tura.