Yadda za ka je wuraren da ka gani a anime, daga Zariya

Samarin Samaru masu kwana kallon anime, wato katun ɗin Japan, wuraren da kuke gani a ciki fa da yawansu na gaske ne, a Japan suke. Mutanen can ma suna da sunan wannan yawon, seichi junrei.

Kafin komai ɗauki hoton wurin daga fim ɗin ka ajiye a waya, sai ka nemo shi a Google Maps. Matakalar nan ta ƙarshen fim ɗin Your Name, wanda ya fito 2016, tana jikin wurin bautar Suga a unguwar Yotsuya cikin Tokiyo, daga tashar jirgin ƙasa tafiyar ƙafa ce. Masu son anime ɗin Slam Dunk kuma sai garin Kamakura, inda layin dogon Enoden ya ratsa titi ga teku a gabanka, amma wallahi ka je da sassafe don cunkoson wajen ya fi na kasuwar Sabon Gari, kuma unguwar mutane ce, kar ka tsaya tsakiyar titi kana ta hoto.

Biza ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ke bayarwa, ka hau mota a Kwangila zuwa Kaduna ka kama jirgi a Rigasa. Babu jirgin sama kai tsaye, sai ka sauya a Adis Ababa ko Doha. Da ka sauka sayi katin Suica na shiga jirgin ƙasa, Juma'a kuma akwai masallacin Tokyo Camii.

Aljihu bai kai ba? Buɗe Street View, hotunan tituna na cikin Google Maps, data kawai zai ci.