Kurakuran da Aka Fi Yi da Ƙashin Wucin Gadi a Tiyatar Ƙashin Baya

Mafi muni shi ne sa rhBMP-2, sinadarin da ke sa sabon ƙashi ya tsiro, wanda ake sayarwa da sunan Infuse, a tiyatar wuya. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi don aiki guda: haɗe gaɓa ɗaya a ƙasan baya, tsakanin ƙasusuwan baya da ake kira L4 da S1, idan an shiga ta gaba, kuma a cikin keji, wato ɗan bututun ƙarfe da aka ƙera dominsa ake sawa tsakanin ƙasusuwan. Ban da wuya. Sinadarin yana tayar da kumburi mai ƙarfi, wuya kuwa ba shi da sarari, sai kumburin ya matse hanyar numfashi da ta abinci. A 2008 hukumar ta yi gargaɗi bayan rahotanni 38 na irin wannan, yawanci tsakanin kwana 2 zuwa 14 bayan tiyata. Ku lura da kwanakin nan. Lokacin sau da yawa an riga an sallami mara lafiya, yana gida ba mai duba shi. Duk wanda aka sa masa, a gaya masa da iyalinsa ƙarara: haɗiya ta yi wuya, ko murya ta canza, ko numfashi ya yi nauyi, a garzaya asibiti nan take.

Sai sakaci wajen haɗa Infuse, kuma wannan ba shi da uzuri, domin komai a rubuce yake a takardar kwalin. A jiƙa soson kolajin, wato soson da ke zuwa tare da sinadarin don ya riƙe shi, daidai, a bar shi aƙalla minti 15 ya kama sinadarin, a yi amfani da shi cikin awa 2. Kada a matse shi, kada a cusa shi da ƙarfi, kada a wanke wurin da ruwa bayan an sa. Wanda ya matse soso ya zubar da sinadarin kusa da jijiya, can sabon ƙashi zai tsiro ya danne ta, ciwon ƙafa ya dawo. Masu ƙara yawa wai don ƙashi ya yi saurin kamawa su daina. Yawan yana cinye ƙashin gaɓar, keji ya nutse.

Hydroxyapatite da beta-TCP, wasu nau'o'in ƙashin wucin gadi, ba sa haifar da ƙashi da kansu, gurbi kawai suke bai wa ƙwayoyin ƙashi su shiga. A ganina kada a taɓa sa su tsura: a gauraya da ɓargon mara lafiya ko guntayen ƙashinsa, a kankare saman ƙashin har ya yi jini. Calcium sulfate kuma, wani nau'in na daban, yana narkewa cikin 'yan makonni, yakan sa rauni tsatsafar ruwa.

Ba a sa Infuse ga mai ciki, ko yaron da ƙashinsa bai gama girma ba, ko mai ciwon daji, ko wurin da ya harbu. Mace ta guji ɗaukar ciki shekara guda. Namiji kuwa a sanar da shi tun kafin tiyata cewa maniyyi na iya komawa mafitsara. Mai shan taba ya bari tukuna, in ba haka ba haɗin yakan ƙi kamawa.