Yadda za ku gode wa 'yan ƙungiyar unguwa bayan shekara guda ana aiki tare

Shekara guda ke nan cif da aka ɗora min sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Kano, kuma abin da na gani a watannin nan shi ya sa na ce bari in rubuto wa masu irin wannan ƙungiya yadda ake rufe shekara da godiya, don na lura mun iya kiran gayya amma da an gama aiki sai kowa ya kakkaɓe rigarsa ya kama gabansa, yaron da ya shiga kwata har gwiwa bana idan ka kira shi baɗi sai ya ce maka yana da uzuri, kuma wallahi ba lalaci ba ne, ba wanda ya ce masa sannu ne kawai. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, hadisin yana cikin Abu Dawud da Tirmizi, to kun ga abin ya wuce a ce al'ada ce kawai.

Kafin ku yi maganar kanofi ko lasifika, ku zauna ku uku ko huɗu, ciyaman da sakatare da ma'aji da shugabar mata, ku buɗe littafin mitin, sannan wani ya riƙe waya ya dinga komawa baya a guruf ɗin WhatsApp tun daga watan farko. Ku rubuta abin da aka yi wata-wata da sunan wanda ya yi shi. Yasar kwata da aka yi a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, fitowar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, karo-karon gyaran taransifoma, cike kaburburan da suka rufta a maƙabarta bayan ruwan Agusta, rabon abincin buɗa-baki da azumi, sintirin dare. Kada ku ce za ku tuna da ka, ƙwaƙwalwa masu yawan magana a mitin take riƙewa, shi kuwa wanda ya ba da aron baro da shebur sau goma bai taɓa cewa uffan ba ta nan ake manta shi.

Daga nan sai lissafin kuɗi, kuma wannan kam kada ku tsallake shi ko da kwana ɗaya ya rage. Godiya ba ta shiga kunnen mutumin da yake zargin an ci kuɗinsa. Ma'aji ya fitar da abin da ya shigo, kuɗin wata na gidaje, gudummawar masu shaguna, abin da 'yan unguwa mazauna Abuja ko Legas ko Saudiyya suka turo, da abin da aka kashe haɗe da rasit, da abin da ya rage a asusu har kwabon ƙarshe. A buga a takarda a manna a bangon masallaci da ƙofar gidan mai unguwa mako guda kafin taro, a kuma tura hotonta a guruf. Duk mai tambaya ya yi ta tun kafin ranar, don ranar ba ta cacar baki ba ce.

Inda na fi so ku daɗe kuna tunani shi ne mutanen da ba a gani. Akwai wata tsohuwa a layinmu, ba ta taɓa zuwa mitin ba, sunanta ma ba ya cikin rajista, amma duk Asabar ɗin da aka fito shara sai ka ga jikarta ta fito da bokitin kunun tsamiya an rufe shi da faranti, da kofunan roba guda shida a leda, ta ajiye a gindin dalbejiya ta koma ba ta ce komai ba. Wata goma sha ɗaya muna shan kunun nan. Da muka je gaishe ta muka ce Inna mun zo godiya ne, sai ta rufe fuska da gefen mayafi ta ce kai 'yan nan ai ni na zaci ba ku san daga inda yake fitowa ba. Irin su suna da yawa, almajiran tsangayar unguwa da su ne suke fara shiga kwalbati da hannunsu, mai shayin da yake barin fitilarsa a kunne saboda 'yan sintiri, mai kemis ɗin nan ɗan ƙabilar Ibo da ya wanke wa yaro ƙafa kyauta ranar da kwalba ta yanke shi a kwata, matan aure da suka yi girkin azumi a cikin gida ana fito da shi a kula ba wanda ya ga fuskarsu. Su kuwa 'yan sintiri ku tuna lokacin hunturu, Disamba da Janairu, kai kana cikin bargo su suna bakin layi da gora da usur da tocila har kiran assalatu.

To bayan jerin sunaye ya kammala sai a fara da tattaki, ƙafa da ƙafa, don saƙon waya ba ya maye gurbin zuwa. A fara da mai unguwa, a tafi da ɗan goro, a durƙusa a ce ranka ya daɗe mun zo ne mu yi godiya bisa goyon bayan da ka ba mu, a faɗa masa ranar taro a nemi izininsa, shi ne zai sanar da dagaci idan da buƙata. Sai liman, Allah gafarta Malam mun gode da sanarwar da kake mana bayan sallah. Sai dattawa ɗaya bayan ɗaya. Gidajen matan aure kuwa ba shiga, shugabar mata da 'yan kwamitinta su za su shiga, ku ba su sunaye da saƙo, kuma a sanar da maigida tukuna. Masu ba da kuɗi da yawa ku tambaye su a keɓe ko suna so a ambace su, don akwai wanda don Allah ya yi a ɓoye, idan ka kira sunansa a lasifika ka ɓata masa rai ne ba ka faranta masa ba.

Shi taron kansa ba ya son girma. Asabar ko Lahadi bayan la'asar, a filin firamaren unguwa ko ƙofar gidan mai unguwa, tabarmi da kujerun roba, ɓangaren mata daban, a tashi kafin magariba. Fiya wata da lemo da ɗan cincin ko dabino sun wadatar, idan da hali a yi shinkafa. Shawarata kada a taɓa asusun ƙungiya don wannan, shugabanni su yi karo-karo daga aljihunsu, saboda babu daɗi ka gode wa mutum da kuɗin da ya bayar don a gyara kwata.

Ga kuskuren da na ga an yi a taron da ya gabaci namu, kuma har yau yana min ciwo. An gayyaci wani babban mutum mai neman kujera, ya zo a makare da tawagarsa, aka miƙa masa lasifika ya yi ta magana har ladan ya kira magariba, samarin da suka yi wanka suka sa kayansu na sallah suna jiran a kira sunansu haka suka watse ba a ambaci ko ɗaya ba, da yawansu sai da muka bi su gida-gida da ban haƙuri kafin su dawo. Idan ɗan siyasa ya taimaka a gode masa kamar kowa, minti biyu, amma a fara da masu aikin ƙarfi tun rana tana sama, manya su zo daga baya.

Wajen maganar ma akwai dabara. Kada mai gabatarwa ya tsaya ya ce muna godiya ga kowa da kowa, wannan kamar ba a gode wa kowa ba ne. A kira suna a faɗi aikin, a ce wane ɗan gidan Malam wane, ranar da ruwa ya shiga gidajen layin ƙasa da tsakar dare shi ya fara fitowa da bokiti kuma shi ya koma gida ƙarshe, Allah ya saka masa da alheri, jama'a su amsa da amin. Jimla biyu ta isa kowane mutum, amma ta zama tasa ce shi kaɗai. Za ka ga uban yaron a cikin taro ya sunkuyar da kai yana murmushi, wannan ya fi wa yaron duk abin da za ka sa masa a ambulan. A hadisin Tirmizi ma an ce wanda aka yi wa alheri ya ce jazakallahu khairan to ya kai matuƙa wajen yabo.

Yaba kyauta tukwici, amma tukwicin ya dace da mai karɓa. Matasa 'yan makaranta satifiket yana musu amfani, a buga da sunan ƙungiya, mai unguwa da ciyaman su sa hannu a buga hatimi, wata rana zai haɗa shi da takardun neman aiki. Ɗan sintiri kuwa takarda ba ta maganin sanyi, a sai masa rigar sanyi da tocila mai caji, masu shiga kwata a ba su takalmin roba dogo da safar hannu, almajirai sabulu da silifas da abinci mai kyau kuma a je a gode wa malaminsu, mata atamfa ko turare gwargwadon ƙarfi.

Kada a tashi sai an yi wa waɗanda suka rasu cikin shekarar addu'a da sunayensu, washegari kuma a aika mutum biyu gidajensu su gaya wa iyalan cewa an tuna da su. Sannan ciyaman ya miƙe ya nemi yafiya a madadin shugabanni, don shekara guda ana karɓar kuɗi ana buga ƙofofin mutane da sassafe dole an saɓa wa wani, wanda kuka yi sa-in-sa da shi kan kuɗin wata ku je ku same shi tun kafin taron ku gayyace shi da bakinku.

Da daddare sakatare ya tura saƙon murya a guruf, tunda ba kowa ke karanta dogon rubutu ba, ya maimaita godiyar saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Hotuna a tace kafin a tura, ban da na matan aure sai da izini, ban da na marayu ko mabuƙata suna karɓar kaya. Jerin sunayen nan da kuka sha wahalar haɗawa a manna shi a shafin farko na sabon littafin mitin, a ƙasansa a rubuta ranar yasar kwata ta baɗi da sunan wanda zai je ya karɓo aron baro.